Jak Ker: Attajirin da ya ranta wa Sarkin Faransa kuɗin yaƙi, ya ƙare a kurkuku

Yau za mu kai ku ƙasar Faransa ta kusan shekaru ɗari shida da suka wuce, domin mu duba rayuwar wani ɗan kasuwa mai suna Jacques Coeur, wanda a baki ake kiransa Jak Ker. A zamaninsa ba a san wanda ya kai shi dukiya a Faransa ba. Mun zaɓo shi ne saboda abin da ya kayar da shi abu ne da kowane mai shago ya sani: kaya sun fita, kuɗi ba su dawo ba, wanda ya ɗauki kayan kuma ya fi ƙarfin a je masa tambaya.

An haifi Jak Ker a birnin Bourges da ke tsakiyar Faransa, tsakanin shekarar 1395 da 1400. Mahaifinsa Pierre Coeur yana sayar da fatun dabbobi masu gashi, irin waɗanda masu hali ke ɗinka wa a cikin riga saboda tsananin sanyin ƙasar. A shago ya tashi, a nan ya koyi ciniki da lissafi. Da ya isa aure sai ya auri Macée de Léodepart, ɗiyar wani babban jami'in birnin, wannan aure kuwa shi ya fara kusantar da shi ga masu mulki.

Lokacin Faransa na cikin yaƙin nan da Ingila wanda ake kira Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453. A shekarar 1418 yarima mai jiran gado ya tsere daga Paris ya koma Bourges, kuma ko bayan da ya zama Sarki Sharl na Bakwai a 1422, arewacin ƙasar har da Paris na hannun Ingilishi da ƙawayensu. Don ba'a, maƙiyansa suka riƙa kiransa Sarkin Bourges. Waɗanda suka yi lakwal sun san labarin yarinyar nan Jan Dark da ta ceci birnin Orléans a 1429, to wannan sarkin ne ta yi wa yaƙi. Abin da ya zame wa ƙasa masifa, shi ya kawo wa Jak Ker kasuwa har ƙofar gida, domin fada gaba ɗaya ta tare a garinsu, kuma fadawa ko ana yaƙi sai sun sa sutura.

Harkarsa ta farko da gwamnati ba ta yi kyan ƙarshe ba. A wancan zamani sarki kan ba ƴan kasuwa hayar gidan buga kuɗi, su narka azurfa su buga tsaba da sunansa, su ci ribar aikin. Jak Ker ya shiga haɗin gwiwa da wani mai suna Ravant le Danois a gidan buga kuɗi na Bourges, sai ga shi a 1429 an gano tsabar da suke fitarwa ba ta cika awo ba. Aka ci su tara, sarki ya yafe masu. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin bayan fiye da shekara ashirin za a sake tono shi.

A shekarar 1432 ya shiga jirgin ruwa ya ratsa Bahar Rum zuwa ƙasashen gabas, har wani matafiyi mai suna Bertrandon de la Broquière ya rubuta cewa ya gamu da shi a Dimashƙu. A kan hanyar dawowa jirginsu ya fashe a gaɓar tsibirin Kosika, mutanen wurin suka kwashe masu komai. Ya dawo gida hannu rabbana, amma ya ga abin da ya je gani. Kayan yaji irin su masoro da citta da kanumfari da kirfa, da alharini da auduga da turare, suna zuwa ne daga Indiya da gaba da ita, su sauka a Iskandariyya da Dimashƙu da Bairut, waɗanda duk ke ƙarƙashin sarakunan Mamluk na Masar. Fataken Fenis da Jenowa da Basalona ke sarowa a can, Faransawa kuma su saya a hannunsu bayan kowa ya ɗora tasa riba. Ba sai mun yi wa ɗan kasuwa bayanin bambancin wanda ya saro kaya daga tushe da wanda ya saya a hannu na uku ba.

Sai ya kafa cibiyarsa a Montpellier da ke kudancin ƙasar, yana lodi a tashar Aigues-Mortes, daga baya ya karkata zuwa Marseille. Ya mallaki manyan jirage aƙalla huɗu, irin waɗanda ake tuƙawa da iska da kuma ƙarfin damtsen matuƙa. Suna tafiya da yadin ulu da murjani da tagulla da azurfa, su dawo da kayan gabas. Da yake dokar coci ta hana Kirista ciniki da ƙasashen Musulmi sai da izini, ya nemo takardar izinin daga Fafaroma Eugène na Huɗu, wanda ya gaje shi, Nicolas na Biyar, ya sabunta masa. Wani marubucin tarihi na zamanin ya ce wakilansa sun kai ɗari uku. Yana da mutane a Lyon da Avignon da Janeba da Bruges, yana da masaƙar alharini a Fulorans, yana da hannu a cinikin gishiri, yana kuma haƙar dalma da azurfa a duwatsun kusa da Lyon. Har kuɗin fansar manyan Ingilishi da aka kama a fagen fama ya mayar abin ciniki.

To amma ba jirage kaɗai suka kai shi inda ya kai ba. Bayan sarki ya karɓe Paris a 1436 ya damƙa masa gidan buga kuɗi na birnin, a 1439 kuma ya naɗa shi kan muƙamin da za mu iya kira mai sayayyar fada. Wannan muƙami yana buƙatar bayani, domin a cikinsa arzikin yake, a cikinsa kuma ajalin arzikin yake. Aikin mai riƙe da shi shi ne ya tanadi duk abin da gidan sarki ke buƙata, tun daga karan-miski da alharini da fatu masu tsada, har zuwa kayan ado da sulke. Jak Ker ya mayar da ofishin wani ƙaton kanti a birnin Tours, inda sarki da iyalinsa da hakimai da barade ke zuwa su zaɓi abin da ransu ke so. Kaɗan ne ke biya nan take. Mafi yawa rubutawa ake yi, a jira ranar da baitulmali zai fitar masu da albashi. Wanda ya rasa kuɗin kashewa ma nan yake zuwa a ranta masa.

Shi kuma daga ina yake mayar da uwar kuɗinsa? Daga harajin ƙasa. Sarki ya sa shi cikin wakilansa masu zuwa lardin Languedoc su daidaita da manyan lardin kan abin da za su biya kowace shekara, daga baya ya ba shi kula da harajin gishiri na yankin. Ke nan mutum ɗaya shi ne mai sayar wa fada kaya, shi ne mai ba ta rance, shi ne kuma mai karɓo kuɗin da za a biya shi da su. Aljihunsa da na sarki suka gauraya har ba a iya cewa ga inda wannan ya tsaya, ga inda wancan ya fara. Garuruwan Languedoc kuma sun saba yi masa ihsani don ya sa baki a rage masu haraji, shi kuwa ba ya mayar da hannun kyauta. Muddin sarki na murmushi, ana kiran wannan hidima. Ranar da fuskarsa ta canza, takardun nan dai su ne hujjar sata.

Girma ya yi ta zuwa. A 1441 aka shigar da shi sahun masu sarautar gado, a 1442 ya shiga majalisar sarki. Ɗan'uwansa Nicolas ya zama bishop na Luçon, ɗansa Jean ya zama babban bishop na Bourges tun yana saurayi. A 1447 ya tura amintaccen yaronsa Jean de Villages, wanda ke auren ɗiyar dangin Jak ɗin, zuwa wurin Sarkin Masar Jaƙmaƙ da sunan Sarkin Faransa. Ya dawo da alkawarin kariya ga fataken Faransa, da tsaraba wadda ta haɗa da damisa da tangaran na ƙasar Sin. A 1448 shi kansa Jak Ker yana cikin tawagar da sarki ya aika birnin Rum wurin Fafaroma.

Gaskiya ita ce ba za mu wanke shi tas ba. Aikin tuƙa jirgi da hannu azaba ce da ba kowa ke yarda da ita ba, saboda haka ya samo izinin sarki na kama marasa aikin yi da masu yawon banza a garuruwan kudu a cusa su jirgi da ƙarfi. Akwai kuma labarin wani bawa Kirista da ya gudu daga gidan ubangijinsa a Iskandariyya, ya ɓuya a ɗaya daga cikin jiragensa har aka iso da shi Montpellier. Jak Ker ya sa aka mayar da shi Masar, saboda tsoron kada hukumomin can su huce a kan fatake da dukiyarsu. A lissafin kasuwa an fahimci dalilinsa, amma wanda aka mayar ɗin mutum ne.

A 1443 ya fara gina gidansa a Bourges, gidan da har yau yana tsaye. Da yake ma'anar sunan Coeur da Faransanci ita ce zuciya, sai ya sa aka sassaƙa hoton zuciya ko'ina a jikin ginin, tare da hotunan jiragensa. A saman ƙofar shiga akwai tagogi biyu na ƙarya, an sassaƙa mace da namiji suna leƙowa kamar masu jiran dawowar maigida. Har ɗakin wanka mai tururi aka yi a ciki. Ban da wannan, ya yi ta sayen gidaje da filayen ƴaƴan sarautar da yaƙi ya talauta. A ganinmu wannan ya fi komai jawo masa baƙin jini. Mutumin da kakanninsa suka yi sarauta, ya wayi gari gandun gidansu na hannun ɗan mai sayar da fata, kuma rigar da ke wuyansa ma bai gama biyan kuɗinta ba, da wuya ya yi wa mai bin sa addu'ar tsawon rai.

A 1449 sarki ya tashi ƙwato lardin Nomandi daga hannun Ingilishi, baitulmali kuwa babu abin kirki. Jak Ker ne ya buɗe jaka. Masu tarihin zamanin sun ce ya ba da rancen eku 200,000. Eku tsabar zinariya ce mai nauyin kimanin giram uku da rabi, ke nan ana maganar zinariya wajen kilo 700. Da wannan kuɗi aka biya sojoji. Ranar 10 ga Nuwamba 1449, da sarki ya shiga birnin Rouen cikin nasara, Jak Ker na cikin jerin gwanon a kan doki, cikin shiga irin ta manyan barade. Kafin ƙarshen Agusta 1450 an gama korar Ingilishi daga Nomandi. Daga ranar nan sarki da kansa ya zama babban wanda Jak Ker ke bi bashi.

Ana cikin haka sai mai kare shi a fada ta mutu. Ita ce Agnès Sorel, macen da sarki ya ajiye ba da aure ba, wadda ya fi jin maganarta fiye da ta kowa, kuma babbar mai sayayya a kantin Tours. Ta rasu ranar 9 ga Fabrairu 1450 bayan haihuwa, ta kuma sa sunan Jak Ker cikin waɗanda za su zartar da wasiyyarta. Bayan fiye da shekara guda sai wata mata ta fada mai suna Jeanne de Vendôme, wadda shi Jak ɗin ke bi bashi, ta fito ta ce shi ya ba marigayiyar guba. Ranar 31 ga Yuli 1451 aka kama shi a fadar Taillebourg, aka rufe dukiyarsa, nan take sarki ya ɗebi eku 100,000 daga ciki ya tura yaƙin da ake yi a lardin Guyenne. Tun ba a fara shari'a ba an fara rabo.

Zargin guba bai je ko'ina ba, har ita matar aka tilasta mata ta janye ta nemi gafara a bainar jama'a. A shekarar 2005 likitoci sun binciki ƙasusuwan Agnès Sorel suka sami zaiba mai yawa a jikinta, abin da a wancan zamani ake sha don maganin tsutsar ciki, binciken kuma bai ɗora wa kowa laifi ba. Sai dai rushewar wannan zargi ba ta buɗe masa ƙofa ba, wasu aka jero. Aka tono maganar tsabar 1429. Aka ce ya aika wa Sarkin Masar makamai, ya fitar da azurfar ƙasa zuwa ƙasashen Musulmi alhali doka ta hana, ya mayar da bawan nan, ya cusa mutane jirgi da ƙarfi, ya kuma tatsi mutanen Languedoc. Wasu daga cikin abubuwan nan ya aikata su. Amma yawancinsu an yi su ne da sanin fada, domin ba a saro kayan gabas sai da azurfa a hannu, kuma masu sa alharinin sun san da abin da aka sayo shi. Ya ce makaman kyauta ce da sarki ya amince a kai, sarki ya ce bai tuna ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne waɗanda aka ba binciken. Akwai Antoine de Chabannes, tsohon jagoran sojojin haya, da Guillaume Gouffier, na hannun daman sarki, da Otto Castellani, mutumin Fulorans da ke harin kujerarsa. Dukansu suna da abin samu idan ya faɗi. An yi ta yawo da shi daga wannan kurkuku zuwa wancan kusan shekara biyu, ba a bar shi ya ɗauki lauya ba, daga ƙarshe da aka nuna masa kayan azabtarwa ya amsa abin da ake so ya amsa. Matarsa Macée ta rasu yana tsare.

Ranar 29 ga Mayu 1453 aka karanta hukunci a Lusignan, ranar da Turkawan Usmaniyya suka ci birnin Kustantiniyya, wato Istambul ta yau. Aka ce laifinsa na kisa ne, amma saboda roƙon Fafaroma da hidimar da ya yi a baya an bar masa ransa. Zai mayar da eku 100,000, ya biya tarar eku 300,000, a ƙwace dukiyarsa, ya zauna a tsare har sai ya biya, sa'an nan a kore shi daga ƙasar. A farkon watan Yuni aka fito da shi a Poitiers, ba hula, ya durƙusa riƙe da ƙatuwar kyandir ya nemi gafarar Allah da ta sarki. Bashin da yake bin sarki kuwa, ba a sake tayar da maganarsa ba. Castellani ya hau kujerarsa, Chabannes ya sami gandunsa na Saint-Fargeau.

Aka ba babban lauyan sarki, Jean Dauvet, aikin tattara dukiyar da yin gwanjonta. Ya shekara huɗu yana bin gari gari, littafin da ya riƙa rubuta aikinsa a ciki kuma yana nan har yau, shi ya sa aka san harkokin Jak Ker dalla-dalla. Abin da ya tarar ya ba shi wahala. Dukiya mai yawa ba tsaba ba ce, takardun bashi ne a kan manyan mutane. Wani kason kuma yaran gidan sun riga sun kawar da shi. Jean de Villages yana Marseille, wadda a lokacin ba ta cikin ƙasar Sarkin Faransa, tana ƙarƙashin René mai mulkin Provence, ya kuma ƙi miƙa abin da ke hannunsa. Mutumin da fadawa suka ci amanarsa, yaran shagonsa ba su ci ba.

A ƙarshen Oktoba 1454 Jak Ker ya sulale daga kurkukun Poitiers. Ya bi ta gidajen ibada yana ɓuya, domin a al'adar lokacin ba a kama mutum a cikinsu, har ya isa wani gidan ibada a Beaucaire, a bakin kogin Rhône. Kogin nan shi ne iyaka: wannan gaɓa ta Sarkin Faransa, waccan gaɓa, inda garin Tarascon yake, ta Provence. Mutanen sarki suka kewaye gidan suna gadi. Ya samu ya aika wa Jean de Villages saƙo, shi kuwa ya zo da mutanensa ɗauke da makamai cikin dare, suka fitar da shi suka sa shi a kwalekwale suka haye da shi. Faɗin ruwa ɗaya ya raba shi da hukuncin sarki.

Daga nan ya wuce birnin Rum a watan Maris 1455, Fafaroma Nicolas na Biyar ya karɓe shi da girmamawa, amma a cikin watan shi ma ya rasu. Wanda ya gaje shi, Calixte na Uku, yana haɗa jiragen yaƙi don tare Turkawa a tsibiran gabashin Bahar Rum, ya sa Jak Ker cikin jagororin tafiyar saboda sanin teku da sanin kuɗi. Mutumin da aka ɗaure bisa zargin taimakon Musulmi, ga shi a rundunar da aka tura yaƙi da su. A tsibirin Chios, wanda ke hannun mutanen Jenowa a lokacin, ajali ya same shi ranar 25 ga Nuwamba 1456, a can aka binne shi.

A 1457 Sarki Sharl ya bar ƴaƴansa su karɓi abin da ya rage na dukiyar, har da gidan Bourges, ya kuma yafe wa Jean de Villages. A wannan shekarar aka kama Otto Castellani bisa zargin tsafi, Guillaume Gouffier ma aka raba shi da fada. Babban abokin cinikin Jak Ker, Guillaume de Varye, wanda aka tsare tare da maigidansa, ya dawo ya riƙe babban muƙamin kuɗi a zamanin Sarki Luwi na Goma Sha Ɗaya. Gidan Bourges kuwa, wanda mai shi bai samu ya zauna a ciki yadda ya so ba, ya yi ta canza hannu, ya zama ofishin magajin gari, daga baya ya zama kotu. A ƙarni na 20 gwamnatin Faransa ta karɓe shi ta gyara, yanzu baƙi ke biyan kuɗi su shiga kallo.